Yadda Ƙudan Zuma Ke Renon Sarauniyarsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci manya da ƙanana, Ya kuma ɗauki nauyin ciyar da su baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya san cewa sura ta 16 ana kiranta Suratun Nahli, watau surar ƙudan zuma. A Makka ta sauka, ayoyinta 128, kuma wasu magabata suna ce mata Suratun Ni'ami saboda yawan ni'imomin da Allah Ya lissafa wa bayinSa a cikinta. A aya ta 68 da ta 69 ne aka kawo labarin wannan ɗan ƙwaro, aka faɗi wurare uku da aka kimsa masa ya yi gida a cikinsu, watau duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke tanadar masa da hannunsu, sa'an nan aka ambaci abin shan da ke fita daga cikinsa da warakar da ke tattare da shi. Malaman tafsiri sun bayyana cewa wahayin da aka yi wa ƙudan zuma ilhama ce, watau shiriyar da Allah ke dasawa a cikin ɗabi'ar halitta ba tare da malami ba.

Ƙasar Gumel ba ƙasar duwatsu ba ce, ƙasar rairayi ce da jigayi. Saboda haka zumar da ake samu a Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar daga kashi biyu na ƙarshe take fitowa, ko dai daga kogon kuka da tsamiya, ko kuwa daga amyar da manomi ya saƙa da ciyawa ya ɗora a reshen gawo. Shi gawo kuwa, da yake da rani yake yin ganye da fure a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, wata rahama ce ta dabam ga ƙudan zuman wannan yanki.

Zuma dai kowa ya san ta, ga zaƙi ga harbi. Amma akwai wani abu da wannan ƙwaro ke fitarwa wanda jama'a da yawa ba su san da shi ba, ko da yake masu ɗiban zuma sun sha ganinsa ba tare da sun kula ba. Idan aka buɗe amya a lokacin da zuma ke shirin tashi, akan ga wasu 'yan ɗakuna a gefen saƙa waɗanda suka bambanta da sauran, suna rataye baki ƙasa, siffarsu kamar kwanson gyaɗa. In aka fasa ɗaya daga cikinsu sai a ga farar tsutsa kwance a cikin wani farin abu mai kauri kamar kindirmo, mai tsami-tsami a baki. Wannan shi ne abin da Larabawan yau ke kira giza'u malikatin nahli, watau abincin sarauniyar ƙudan zuma, a jikin kwalaben da ake shigowa da su daga ƙasashen waje kuwa Royal Jelly ake rubutawa. Da Hausa ana iya ce masa madarar sarauniya, domin aikin nono yake yi.

Ita wannan madara ba daga fure ake ɗebo ta ba. Ma'aikatan amya, waɗanda dukkansu mata ne, kowace tana da aiki gwargwadon kwanakinta a duniya. Waɗanda ke tsakanin kwana 5 zuwa 15 da fitowa su ne masu reno. Sukan ci garin fure da zuma su ƙoshi, sa'an nan wasu 'yan maɓuɓɓuga da Allah Ya sanya a cikin kawunansu su mai da abin da suka ci ya zama madara, su riƙa zuba ta ta baki a ɗakin tsutsa. Masu awo sun gano cewa kusan kashi biyu cikin uku nata ruwa ne, saura kuwa sinadarin gina jiki ne da sukari da ɗan maiƙo. Wani abin lura shi ne mai karatu ya tuna cewa a aya ta 66 ta wannan sura, gab da labarin ƙudan zuma, maganar nonon dabbobi ake yi, yadda yake fita tatacce daga tsakanin tumbi da jini.

To, ga inda abin mamakin yake. Uwar amya ɗaya ce tal, ita ce ake kira sarauniya, kuma a lokacin yalwa takan saka ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a rana guda. Ƙwan da ya haɗu da ruwan namiji mace yake zama, wanda bai haɗu ba kuwa namiji. Ƙwan mace iri ɗaya ne, babu na sarauta babu na talaka. Bayan kwana 3 sai ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, kuma a kwanaki ukun farko kowace tsutsa madara ake ba ta. Daga nan ne hanya ke rabuwa. Wadda za ta zama ma'aikaciya sai a rage mata, a fara gauraya mata abinci da zuma da garin fure, a ba ta daidai gwargwado. Wadda aka zaɓa ta zama sarauniya kuwa sai a faɗaɗa mata ɗaki, a yi ta kwarara mata madara zalla har ta riƙa iyo a ciki, a rufe ɗakin da sauran da ba ta cinye ba.

Sakamakon wannan bambancin ciyarwa na 'yan kwanaki shi ne halitta biyu waɗanda in ba a faɗa wa mutum ba, ba zai ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ba. A ƙudan zuman ƙasashen Turai, inda aka fi yin awon, sarauniya takan fito bayan kwana 16 daga ranar da aka saka ƙwan, ma'aikaciya bayan kwana 21, namiji kuwa kwana 24; na Afirka ya fi su sauri da kwana ɗaya ko biyu. Sarauniya ta fi 'yar'uwarta tsawo da nauyi, mahaifarta cikakkiya ce, alhali ta ma'aikaciya a tsuke take. Ma'aikaciya a lokacin aiki ba ta cika wuce mako 6 a raye ba, sarauniya kuwa takan yi shekara 2 ko 3, wani lokaci har 5. Sai dai kuma ma'aikaciya tana da abin da sarauniya ba ta da shi: 'yan kwanduna a ƙafafunta na baya na ɗaukar garin fure, da wurin fitar da kakin da ake gina saƙa da shi. Sarauniya ba ta iya gini, ba ta iya kiwo, ko ciyar da kanta ma ba ta cika yi ba, masu reno ne ke ci gaba da ba ta madarar a baki har ƙarshen rayuwarta.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan cewa ƙwan iri ɗaya ne ita ce abin da ke faruwa idan sarauniya ta mutu ba zato. Jikinta yana fitar da wani ƙanshi da ke zagaya amya daga baki zuwa baki, kuma cikin 'yan sa'o'i da yankewarsa sai ma'aikata su gane sun zama marayu. Nan da nan sai su nemi tsutsar da ba ta wuce kwana 3 ba daga cikin talakawan tsutsotsi, su rushe ɗakinta su sake gina shi, su yi ta ba ta madara, sai ga ta ta fito sarauniya. Idan kuwa ba a sami ƙaramar tsutsa ba, to magana ta ƙare. Wasu ma'aikatan za su fara saka ƙwai, amma da yake ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, maza kawai za su riƙa haifa, maza kuwa ba sa aiki, a hankali amyar ta mutu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a komo kansa.

Mutanen da sun daɗe suna ganin wannan babban ƙwaro guda ɗaya da sauran ke kewayewa, amma sun ɗauka namiji ne. Aristotle na Yunan sarki ya kira shi. Larabawa suna ce masa ya'asubu, watau shugaban ƙudan zuma kuma namijinsu, har kalmar ta zama kirari ga duk shugaban da jama'a ke bi. Ta zo a hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana da Muslim ya ruwaito a kan Dujal, inda aka kwatanta yadda taskokin ƙasa za su bi shi da yadda ƙudan zuma ke bin shugabanninsa. Damiri, wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan Hijira, ya yi bayanin ya'asubu a littafinsa Hayatul Hayawan a kan wannan fahimta. A 1609 wani Bature ɗan Ingila, Charles Butler, ya wallafa littafi yana cewa mace ce, daga baya Jan Swammerdam na ƙasar Holan ya feɗe ta ya ga mahaifa cike da ƙwai. A shekarun 1760 Adam Schirach na Jamus ya nuna cewa amya marainiya tana iya yin sarauniya daga tsutsar ma'aikata, masana da yawa suka ƙi yarda, har sai da François Huber na Suwizalan ya tabbatar da haka a littafinsa na 1792. Shi Huber makaho ne, da idon baransa François Burnens ya yi wannan bincike, abin da ya isa ya zama abin kunya ga mai ido biyu da bai taɓa tsayawa ya dubi amya ba.

A nan akwai wata magana da ta yaɗu a bakin masu wa'azi wadda take bukatar a yi mata linzami. Sukan ce umarnin da aka yi wa ƙudan zuma a ayoyin nan biyu da sigar mace ya zo, saboda haka Alƙur'ani ya riga Turawa faɗin cewa ma'aikatan zuma mata ne. Gaskiya ne da sigar mace ya zo, kuma gaskiya ne ma'aikatan mata ne. Amma duk wanda ya karanta nahawu ya san cewa kalmar nahlu sunan jinsi ne mai nuna jam'i, irin wanda Larabawa ke ɗauka wani lokaci a matsayin namiji, wani lokaci a matsayin mace, kuma malaman tafsiri sun ambata cewa mutanen Hijaz da sigar mace suke amfani da ita. Saboda haka wanda ya ce akwai dacewa mai ban sha'awa tsakanin lafazin da abin da aka gano, bai yi laifi ba. Wanda kuwa ya yanke cewa wannan ita ce manufar ayar, ya ɗora wa nahawu kayan da bai ɗauka ba. Littafin Allah ba ya bukatar a tallafe shi da sandar da za ta iya karyewa gobe.

Kuma lalle sandunan masu bincike suna karyewa. A 2008 wasu masana a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera sun gano cewa in aka kashe aikin wani sinadari da ke rufe wasu sassan ƙwayoyin gado a jikin tsutsa, yawancinsu sarauniyoyi suke fitowa, abin da ya nuna cewa abinci yana buɗe wani sashe na gadon ya rufe wani, ba tare da ya canja gadon kansa ba. A 2011 wani ɗan Japan, Masaki Kamakura, ya ba da sanarwar cewa ya gano sinadari guda ɗaya a cikin madarar wanda shi ne ke yin sarauniya, duniya ta ɗauka. A 2016 wasu masana a Jamus suka sake gwajin, ba su sami abin da ya samu ba. Wasu kuma a Amurka, a 2015, suka nuna cewa akwai wani sinadarin tsiro a cikin zuma da garin fure wanda ke tsuke mahaifar ma'aikaciya, watau ke nan abin da aka hana sarauniya ci yana da tasiri kamar abin da aka ba ta. Wasu sun fi ba yawan abincin ƙarfi a kan irinsa. Abin da dukkansu suka haɗu a kai shi ne reno na kwanakin farko ne ke yanke hukunci.

Bahaushe yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma akwai gaskiya a ciki, domin gado abu ne tabbatacce. Amma amya ta nuna cewa gado shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da abin da aka zuba wa ɗan a bakinsa tun yana jariri. Shari'ar Musulunci ta ba wannan al'amari matsayin da ba a samu a dokokin mutane. A aya ta 23 ta Suratun Nisa'i an haramta wa mutum auren matar da ta shayar da shi da 'yar'uwarsa ta shan nono, a jere ɗaya da uwar da ta haife shi da 'yar'uwarsa ta jini. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya daidaita shayarwa da nasaba wajen haramcin aure. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko yana haramtawa ko da tsotso ɗaya ne, Shafi'iyya kuwa suka ce sai an yi sau biyar. Dalilin da malamai suka bayar shi ne nonon ya shiga ginin nama da ƙashin yaron, ya zama wani yanki na mai shayarwar. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa a hannun Halimatus Sa'adiyya ya sha nono a ƙauyen Banu Sa'ad, kuma bai manta da haƙƙin wannan gida ba bayan ya girma. A cikin amya ma ba uwa ce ke shayarwa ba, yayye ne.

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta sanya cikar shayarwa shekara biyu, kuma a cikin ayar nan ɗaya aka ɗora wa uban yaro ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Wannan sashe na biyu shi ne maza da yawa suke tsallakewa in suna karatu. Mai reno a cikin amya ba ta iya fitar da madara sai ta ƙoshi da garin fure. In fure ya yi ƙaranci maɓuɓɓugan kanta sukan tsuke, reno ya tsaya. Haka nan macen da ke goyo, wadda ta wuni a kan ɗan kunu da ragowar tuwon jiya, alhali maigida ya sayar da riɗi da wake da akuya ran Alhamis a kasuwar Maigatari ya tsaya wurin mai tsire ya ci shi kaɗai. Wannan ba rowa kawai ba ce, tauye haƙƙi ne da Alƙur'ani ya wajabta da nassi, kuma wanda aka zalunta a ciki mutum biyu ne, ɗayansu ba ya iya magana.

Sa'an nan ga maganar dakashi, watau nonon farko mai kauri da launin rawaya da ke zuwa a kwanakin farko bayan haihuwa. A gidaje da yawa a ƙasar Hausa an gaji al'adar matse shi a zubar, a ce ba shi da kyau, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko madarar dabba har farin nono ya kawo. Likitoci sun tabbatar da cewa wannan dakashi ya fi kowane nono yawan sinadaran da ke kare jariri daga cuta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Kada wani ya ce wannan maganar Turawa ce. Larabawa suna kiran dakashi liba'u, kuma Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya faɗa a littafinsa Minhajut Talibina cewa wajibi ne a kan uwa ta shayar da ɗanta shi, masu sharhi kuma suka ce dalili shi ne galibi jariri ba ya ƙarfi sai da shi. Malaman fiƙihu sun wajabta abin da kakanni ke zubarwa a bayan ɗaki.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Jigawa sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Masana sun ce mafi yawan wannan lahani yana aukuwa ne tsakanin ɗaukar ciki da cikar yaro shekara 2, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda yake taɓa jiki, yana da wuyar gyaruwa daga baya. Yaron da za a kai makarantar allo yana ɗan shekara 6 a ce ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa, mai yiwuwa ne an riga an cuce shi tun bai iya zama ba. Wani abu kuma da ya kamata iyaye su sani, tun da maganar zuma ake yi: likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin babba ke iya kashewa, na jariri kuwa ba ya iyawa. Taunar da ta zo a sunna, wadda Annabi (S.A.W.) ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu da wasunsa, da dabino aka yi ta.

Sai dai misali yana da iyaka. Ɗan Adam ba ƙwaro ba ne da za a rufe masa ƙofa a kwana uku, yana da hankali da zaɓi da ƙofar tuba, kuma ɗaukaka a wurin Allah da taƙawa take. Haka kuma a cikin gidan Musulmi babu ɗan da za a ware a cika masa ƙwarya a rage wa sauran, domin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya nuna Annabi (S.A.W.) ya ƙi shaidar kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita. Sunan sarauniya ma mutane ne suka laƙaba mata. Ba ta ba da umarni, ma'aikata ne ke yanke lokacin da za a yi sabuwa, kuma in ta gaza su ne ke musanya ta. Uwa ya fi dacewa da ita.

Daga nan sai maganar kasuwa. Tun da aka gano hanyar yaudarar amya da ƙoƙunan roba, a sa ƙananan tsutsotsi a ciki, a bari kwana 3 masu reno su cika su da madara sa'an nan a cire tsutsar a kwashe, wannan abu ya zama hajar duniya. Abin da ake samu a kowane ƙoƙo bai kai giram ɗaya ba, shi ya sa yake da tsada, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ake sayarwa a duniya daga ƙasar Sin yake fitowa. Yanzu ana ganinsa a kantunan magani da hannun masu talla, cikin ƙwaya ko gauraye da zuma, ana cewa yana maganin rashin haihuwa da raunin mazakuta da tsufa da kusan kowace cuta. Garin kan iyaka irin Maigatari, mai babbar kasuwa da yankin ciniki na musamman da aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, mahaɗa ce ta fatake daga Nijeriya da Nijar, saboda haka mutanensa sun fi kowa bukatar su san abin da suke saye.

Hujjar masu talla ita ce tun da ya mai da tsutsa sarauniya mai yawan haihuwa da tsawon rai, zai yi wa mutum haka. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce, domin tsutsar a cikinsa take kwance tana cinsa shi kaɗai a lokacin da ake gina jikinta, ba ƙato mai shekara hamsin da ke haɗiyar ƙwaya ɗaya da safe ba. Abinci ne mai tsarki, halal ne cinsa da sayar da shi. Amma hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba iƙirarin da ake yi a kansa a 2011 ta ce ba a kawo hujjar da ta tabbatar da su ba. Kuma yana da haɗari ga masu asma da waɗanda jikinsu ba ya karɓar kayan zuma. An sami rasuwa a dalilinsa a Ostareliya a shekarun 1990, har dokar ƙasar ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalbarsa. A Yulin 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da ke sayar da zumar ƙarfin maza bayan ta gano an ɓoye maganin asibiti na mazakuta a ciki, irin wanda ke iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya. Ɗanyar madarar kuwa sai an ajiye ta cikin sanyi, to a auna wadda ta wuni a faifan mai talla cikin ranar watan Afrilu. Mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC, mai ciwo kuma ya tambayi likita.

Abin da ya fi muni shi ne jingina wannan haja ga Alƙur'ani da hadisi. Malaman tafsiri sun fassara abin shan da ke cikin aya ta 69 da zuma, kuma da zuma Annabi (S.A.W.) ya umarci mutumin nan da ɗan'uwansa ke ciwon ciki, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri. Ko a kan zumar ma, da yawa daga cikinsu sun lura cewa kalmar waraka ta zo ne a sigar nakira cikin zance mai tabbatarwa, wadda a ƙa'idar usulu ba ta nuna gamewa, watau ba a ce tana warkar da kowace cuta ga kowane mutum ba. Madarar sarauniya kuwa babu wani hadisi ingantacce da ya ambace ta. Duk wanda ya ɗaga kwalba a kasuwa ya ce Annabi ya yi umarni da ita, ya haɗa laifi biyu: algus, wanda Annabi (S.A.W.) ya barranta daga mai yinsa ranar da ya sa hannu a tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, da kuma yi wa Manzo ƙarya, wadda aka yi wa mai yinta da gangan alkawarin wuta a hadisi mutawatiri. Kuɗin da magidanci zai kashe a kan kwalba ɗaya, in ya sayo wa mai goyonsa wake da gyaɗa da ƙwai da zogale da nono, ya sayi abin da babu saɓani a kan amfaninsa.

Saura masu amya. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa Annabi (S.A.W.) ya hana kashe halittu huɗu, tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu da Larabawa ke kira suradu. Abu Dawuda ya kuma ruwaito cewa ya ga gidan tururuwa da wasu sahabbai suka ƙone, ya yi musu inkari, ya nuna azaba da wuta ta Allah ce Shi kaɗai. To, yaya hukuncin wanda ya hau itace da dare da damin ciyawa mai ci bal-bal, ya cusa a bakin amya, ya kwashe saƙa duka, da mai zuma da mai 'ya'ya, ya matse su wuri guda? A nan ne abin da aka ce a riƙe ɗazu zai yi amfani. In wutar ta kashe sarauniya, ragowar ma'aikata suna iya yin wata matuƙar an bar musu saƙa mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi. In aka kwashe wannan saƙa, an kashe amyar ke nan ko da rabin ƙudan ya tsira. In kuwa sarauniyar ta tsira, ƙudan zuman Afirka mai saurin ƙaura ne, sai ya bar wurin, mai amya ya koma jiran wani ayarin baɗi.

Hayaƙi mai sanyi, irin na busasshen kashin shanu, ya isa ya kwantar da ƙudan ba tare da harshen wuta ba. A amyar da ke kwance, zuma takan taru a can ciki nesa da ƙofa, 'ya'ya kuwa kusa da ƙofa, saboda haka wanda ya yi wa amyarsa murfi ta baya zai iya yanko farar saƙar da aka rufe da kaki ya tsaya da zarar ya iso ga mai tsutsa. Amyar katako mai sanduna a sama, wadda aka fara amfani da ita a Kenya, ta ƙara sauƙaƙa wannan, domin ana ɗago saƙa ɗaya-ɗaya a duba a mayar, kuma kowane kafinta a Gumel zai iya ƙera ta in an ba shi awo. Zumar da aka ɗiba ta haka ba ta ƙaurin wuta, ba ta da ruwan tsutsa da ke sa ta yin tsami, kuma ta fi daraja a wurin mai saye. Manomin riɗi da wake kuwa, wanda ƙudan nan ke yi wa hidimar ɗaukar garin fure kyauta, in ya zama dole ya yi feshin maganin ƙwari alhali gona tana fure, ya bari sai yamma liƙis bayan ƙudan ya koma gida, ya kuma sanar da maƙwabcinsa mai amya tun kafin ya fara.